Shekarar da Jar Tawada Ta Koɗe

Na san abin da ake gaya muku a kaina, don ido ne ya lalace, kunne yana nan garau. An ce muku babanku ya ɗauko rubutun Alƙur'ani da ka, ya yi nisa haddarsa ta gaza, sai ya laɓe da ciwon ido don kada a gane. Wasu kuma, masu ganin taimakona suke yi, sun ce muku Baffanku Sani ne ya yi mini asiri don ya gaje makarantar gidanmu. Duka biyun na ji su, na kuma san bakunan da suka fito, ko da yake masu su sun ɗauka ban sani ba. Shi ya sa na zaunar da yayarku Hafsatu na ce ta rubuta abin da zan faɗa yadda na faɗe shi. Na kuma gaya mata zan sa wani dabam ya karanta mini daga baya, don na santa da son gyara maganar mutane.

Gidanmu a Kademi gidan karatu ne tun kaka da kakanni. Mahaifina, wanda kowa yake kira Malam har mu 'ya'yansa, shi ne a kan makarantar, ni kuwa ni ne ɗan farinsa. Ku 'yan yanzu da kuke hira da iyayenku kuna ƙyaƙyata dariya ba za ku gane nauyin wannan ba. A zamaninmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama da shi su yi taɗi, ba ya yabonsa, ba ya ma yi masa faɗa baki da baki in ba dole ba. Kunya ce, haka aka gada. In Malam zai ambace ni sai ya ce "wancan". Ana yaye ni aka kai ni Ajingi wajen ƙanwarsa, Goggo Hanne, ita ta riƙe ni har na isa riƙe allo aka dawo da ni. Daga nan duk maganar da take tsakanina da Malam ta hannun Goggo take bi, ko ta hannun Sani, ƙanena da yake bi na, wanda shi ba a jin kunyarsa. Sani yakan shiga zaure ya zauna kusa da buzun Malam har su yi raha, ni ina daga bakin ƙofa.

A shekarun da gwamnati ta fara kwasar yara zuwa makarantar boko kyauta, hankalin malamai irin su Malam ya tashi. Yana so garin nan ya ga gidansa bai mutu ba. Na riga na haddace, na yi aure da uwarku, saura satu, wato mutum ya zauna shi kaɗai ya rubuta Alƙur'ani daga farko har ƙarshe ba tare da ya duba wani ba. Wanda ya yi wannan shi ake kira alaramma ba a ji nauyin baki ba. Ku sani karantawa da ka dabam, rubutawa da ka dabam. Akwai gardawa da yawa da za su yi maka tilawa kamar ruwa, amma ka miƙa musu alƙalami su tsaya suna susar ƙeya. Malam da kansa ya shiga mota ya je Kano ya sayo takarda, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, kuma bayan sallar Juma'a ya shaida wa abokansa cewa wancan zai fara satu. Ni a bakin mutane na ji. An ba ni ɗan ɗakin da yake jikin zaure, na dafa baƙar tawadata, na haɗa ja ta wasulla, na feƙe alƙaluman gamba. In na cika shafi da baƙi ya bushe, sai in bi shi da ja.

A cikin bazara abin ya fara, ana tsananin zafi. Da fari wani ciwo ne can bayan idona na dama, in na juya idon sai in ji kamar ana jan sa da zare. Ban kula ba. Sai wata hantsi na tsoma alƙalami a ja, na ɗiga wasali, na ga ya fito kamar ruwan kwata. Na tashi a fusace na leƙa cikin gida na sami uwarku tana tankaɗe.

"Ke ce kika ƙara wa jar tawadata ruwa?"

"Ni? Me zai kai ni ɗakinka? Kawo in gani." Ta duba, ta dube ni. "Ai ga ta nan jawur kamar gauta."

Ban yarda da ita ba sai da na rufe idon dama da tafin hannu. Ja ta dawo ja. Na buɗe na rufe na hagu, sai ta koɗe. Na ce wa kaina gajiya ce. Kafin sati ya zagayo wani duhu ya zauna a tsakiyar idon, daidai inda mutum yake sa wa abu ido. Gefe ina gani, tsakiya babu. Na ci gaba da lallaɓawa da na hagu, har shi ma ya fara yi mini hazo wajen faɗuwar ruwan farko. Ranar da na ga na ɗora wasali a kan harafin da ba nasa ba, na goge alƙalami na ajiye. Littafin Allah ba abin da za a rubuta da lalube ba ne.

Abin da ya cuce ni shi ne wurin da na tsaya. Na zo daidai inda ayoyi suke kama da juna ƙwarai, wurin da duk gardi ya san nan ake zamewa. Sai kuma idon kansa. Makanta ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, mun san hakiya, mun san yanar ido, mun san amosani mai sa gashin ido ya juya ciki, kuma kowanne ana ganinsa ƙuru-ƙuru. Nawa idon fari tas, ba ja, ba kwantsa, ba hawaye. Ina tafiya masallaci ba jagora. Da asuba in gari ya yi sanyi har nakan gane fuskar mutum, amma rana tana take, ko in na taka da sauri jikina ya ɗau zafi, sai komai ya dushe. To wa zai yarda da makantar da take zuwa da azahar ta tafi da asuba?

Ba wanda ya ce mini maƙaryaci. Da an faɗa ma da ya fi mini sauƙi, don da na sami abin amsawa. Gwaje-gwaje aka shiga yi mini a ɓoye. Wata rana na fito na tarar da turmi a tsakiyar hanyar da ba a taɓa ajiye turmi ba. Na hango shi ta gefen ido na kewaye, sai na ji tsakar gidan ta yi tsit, daga baya wata ta yi gyaran murya. Har yau ban san wadda ta ajiye shi ba, amma ina da wadda nake zato. Wata rana kuma muna zaune a ƙofar gida Sani ya ce, "Yaya, ga goro," ya wurgo mini ta gefe, hannuna ya cafe tun ban yi tunani ba. Ya yi dariya ya ce ashe dai da sauran ido. Ya rantse mini daga baya wasa ne kawai. Ni dai na lura Malam yana zaune a zaure a lokacin, kuma ƙofar a buɗe take. Na koma ko abinci aka kawo sai na tambayi wanda ya zuba. In na ji mutum biyu suna magana suka yi shiru da na iso, na san da ni ake.

Goggo Hanne ta zo daga Ajingi ran kasuwa bayan an watse, ta shigo ɗakina ba sallama kamar yadda ta saba, ta kama haɓata ta ɗaga fuskata sama.

"Buɗe in gani. Kai, ja'iri, wannan idon ai ya fi nawa kyau."

"Goggo, har da ke?"

"Ni na wanke maka kashi, ba za ka yi mini fushi ba. Saƙo aka ba ni. Malam ya ce a gaya wa wancan, in wani wuri ne ya shige masa duhu, ba abin kunya ba ne. Ya koma ya yi tilawa shekara guda, takarda ba ta ruɓewa."

"Wato ya ce ƙarya nake yi."

"Bai ce ba."

"To me ya ce?"

"Abin da na gaya maka."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na yi kuka a gabanta, ni da gemuna. Da a ce tsakanina da Malam akwai magana, da na shiga zaure na ce ya ja mini duk ayar da ya ga dama in faɗa masa harafi-harafi yadda ake rubuta ta. Amma ɗan fari ba ya tsayawa gaban ubansa ya ce gwada ni, shi ma uban ba zai kira ya gwada ba, don kiran kansa tuhuma ce. Haka muka zauna, katanga ɗaya tsakanin ɗakina da zaurensa, ina jin tarinsa yana jin nawa.

An yi mini rubutu na sha, an yi turare, an sa mini tozali iri-iri. Da ba a ga canji ba Sani ya raka ni wani asibiti a Kano. Likitan ya haska mini fitila, ya leƙa ya daɗe, ya ce shi a yanzu bai ga wani abu a cikin idon ba, mu dawo bayan wani lokaci. Mutumin gaskiyarsa ya faɗa, abin da fitilarsa ta nuna masa ke nan. Amma kafin mu kwana biyu da dawowa maganar ta koma "likita ma ya ce lafiyarsa ƙalau". Wa ya kai ta haka? Mu biyu ne muka je. Da damina ta yi nisa Malam ya fara sa Sani ya zauna a kan buzu yana biya wa manyan ɗalibai, wurin da kowa ya san ni ake ajiye wa.

Bayan an yi girbi na koma wajen likitan, ni da uwarku a wannan karon. Ya sake leƙawa, ya ce yanzu kam yana ganin kamar wani wuri can ciki ya ɗan yi fari, amma ba zai yanke hukunci da kamar ba. Ya ce a wani babban asibiti inda ake koyar da likitoci, tafiyar yini a mota, akwai wani da ya dawo daga karatu a waje da na'urar da take auna ko abin da ido ya gani yana isa ƙwaƙwalwa. Na ce zan je. Goggo da ta ji ta sake zuwa, ta zauna a bakin gadona ta daɗe ba ta tsokane ni ba.

"Ka san abin da kake shirin yi? Ƙarar ubanka za ka kai wajen ƙarfe. In ƙarfen ya ce kai ne da gaskiya, ka kunyata shi a garin nan. In ya ce ba ka da ita, ka kashe kanka. Ka zauna mana, Allah ya san gaskiya."

"Allah ya sani, Goggo. Mutanen Kademi ne ba su sani ba, kuma da su nake zaune."

Ta kai wa Malam. Amsar da ta dawo da ita gajeriya ce: Sani ya raka wancan. Na ce a raina, ai dama, an haɗa ni da ɗan rahoto. Daga Gaya inda muka shiga mota har muka sauka ban ce masa uffan ba sai abin da ya zama dole. Ya sayo mini ƙosai a tasha na ce na ƙoshi.

Likitan matashi ne, ɗan ƙasar nan, Hausarsa da ɗan gargada amma ana ganewa. Ɗakin ba taga. Shi ma ban sake da shi ba, don na ga sun gaisa da Sani sun ɗan yi magana ƙasa-ƙasa kafin a zaunar da ni. Na tambaye shi kai tsaye me ƙanena ya gaya masa. Ya ce ya tambaye shi ne ko na ci abinci. Ya sa aka cire mini hula, aka goge mini ƙeya da wani abu mai sanyi, aka manna mini 'yan wayoyi, ɗaya a ƙeya, wasu a gaba da kunne. Na ce in wuta za a sa mini a gaya mini in yi shahada. Ya yi dariya ya ce wayoyin saurare kawai suke yi, ba sa ba da komai. Sa'an nan ya yi mini bayanin da har yau ban manta ba. Ya ce ƙwayar ido ɗaukar hoto kawai take yi, a can ƙeya ake gani. Tsakaninsu akwai jijiya, ita take kai saƙo, kuma yawancinta tana bayan ido inda fitila ba ta kaiwa. In ta kamu da ciwo, ido zai zauna fari tas, mai shi kuwa yana cikin duhu.

"To in mutum ƙarya yake yi fa?" Sani ne ya yi tambayar. Na juya wajen muryarsa, na ce a raina yau ga shi ya fito fili.

"In ƙarya yake, saƙon zai iso a kan lokacinsa, ko ya so ko bai so ba. Mutum yana iya cewa bai gani ba. Ba ya iya sa jijiyarsa ta yi jinkiri."

Aka rufe mini ido ɗaya, aka sa ni fuskantar wani farin allo kamar na majigi, da zanen gida-gida baƙi da fari, suna ta musanya wuri, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. Ya ce in kafa ido a tsakiya, shi kuma ya tsaya yana kallon idona kada in kauce. Na ce masa tsakiyar ce ba ni da ita. Ya ce in yi iyakar yina. Aka daɗe ana yi, aka sauya ido, aka kuma yi da wata fitila mai walƙiya. Da aka gama sai ya ce Sani ya zauna a kujerar, don ya ga yadda na mai lafiya yake da idonsa. Sani ya yi ta noƙewa har na ce masa ai ba a mutuwa, ga ni. Aka manna masa, aka yi masa yadda aka yi mini. Sa'an nan likitan ya kira shi gaban wani ɗan gilashi inda layin haske yake fitowa. Ni ba na ganin layin, muryoyinsu nake bi.

"Wannan naka ne. Ka ga inda ya yi tsalle? Da wuri, kuma da ƙarfi. Wannan na hagun yayanka ne. Tsallen yana nan, amma dubi inda ya faɗo, can baya, ya makara sosai. Wannan kuma na damansa."

"Ban ga komai ba a nan," in ji Sani.

"Da ƙyar ake ganinsa. Saƙon kusan ba ya isowa."

Na ji Sani ya ja hanci. Ya ce, "Yaya." Ni kuwa wani daɗi ya cika mini ciki, har na ji kamar in tashi in taka. Na tambayi likitan maganar zafin rana da cafe goro, ya ce duk haka ciwon yake, jijiyar da ta ji rauni ba ta son zafi, kuma gefen gani yakan tsira. Na ce ya maimaita da ƙarfi. Sai da na gama jin daɗina na tambaye shi yaushe zan koma rubutu. Ya ja kujera ya zauna kusa da ni. Ya ce da yawa masu irin wannan ciwon ganinsu yakan dawo a 'yan watannin farko, nawa kuwa an wuce wannan lokacin, kuma ido biyu ne. Ya ce zai ba ni magani, zai so ya riƙa ganina, tafiya da noma ba za su gagare ni ba in Allah ya so. Amma ɗiga wasali a kan harafi, ba zai yi mini alkawarin da ya san ba zai cika ba.

A hanyar dawowa na karɓi abincin da Sani ya saya. Ban ce na daina zarginsa a kan maganar Kano ba, har gobe ina da tambaya a kanta, amma asiri kam bai yi mini ba, kuma duk wanda ya ƙara gaya muku haka ku ce ni na ce ƙarya yake. Makaranta kuwa mai ido ne zai riƙe ta, don sai an duba allunan yara an gyara musu rubutu.

Mun iso bayan la'asar. Malam yana zaure shi kaɗai. Sani ya shiga, ni na tsuguna a bakin ƙofa inda na saba. Na shirya wa wannan lokacin tun daga cikin mota. Ina so in ji yadda muryar Malam za ta yi in ya gane wata da watanni yana zargin marar lafiya. Sani ya faɗi komai bai rage ba, wayoyin, da allon, da yadda shi ma aka gwada shi, da layinsa da nawa. Ya ce, "Malam, da idona na gani. Yaya ba ya gani." Ina jin ƙarar carbin Malam. Can ya tambaya.

"Zai warke?"

"Ya ce zai yi tafiya, zai yi noma."

"Rubutu nake tambaya."

"Ya ce a'a."

Carbin ya tsaya. Na kasa kunne ina jiran ya ce a ba wancan haƙuri, ko ya ce shi dama bai taɓa zargi ba, in san ya kare kansa. Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji daga bakinsa ba, har na ɗauka tari ne ya sarƙe shi. Kuka yake yi. Da ya sami magana, ya ce wa Sani:

"Tun bazara nake roƙon Allah ya sa ƙarya yake yi. Wanda haddarsa ta zame ai ya koma ya gyara. Wallahi na fi so a ce ƙarya yake yi."

Ina tsugune a wurin da gaskiyata da na sha wuyar samowa, na rasa inda zan sa ta. Ba a shiga a rarrashi uba, ba a kuma tashi a bar shi yana kuka. Na zauna a bakin ƙofar har aka kira magariba, sa'an nan ya fito ya wuce ta gabana zuwa masallaci, na tashi na bi bayansa.